Baba Iliya da mudun da bai wuce ba

Baba Iliya ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsugune gaban wata mota da sifana a hannu. Bulus, ɗan ƙanensa, shi ya kira ni daga Sorau. Ya ce, "Yaya Habu, tsoho ya tafi. Mun kai masa kunu, bai tashi ba."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi Kirista ne, ni Musulmi, amma abin da ya fito daga bakina ke nan.

Na rufe gareji na dawo gida. Tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa. Wannan karon ba zan goge ba, ko da wasunku za su daina gaishe ni. In kun daina ma ba ku yi laifi ba.

'Yan Mubi kun san shi. Wanda bai san shi ba, Baba Iliya direba ne, mai tsohuwar a-kori-kura. Tun ina firamare yake ɗauko wake da gyaɗa daga ƙauyuka zuwa kasuwa. Maƙwabcinmu ne a Sabon Layi, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Da yawanku kun manta ma sunansa Iliya. "Baba Gayu" kuke ce masa tun bayan gudun da muka yi, kuma zan zo kan wannan sunan.

Har na ga wasu sun fara sa hotonsa suna rubuta "mutumin kirki". Wani daga cikinsu da kunnena na ji abin da ya faɗa wa tsohon nan a wurin mai shayi. Kai ka san kanka. Kada ka goge, bar shi, mu biyu muke cikin abin.

Mutumin kirki ne, wannan ba ƙarya. Duk kaka sai mun tashi mun tarar da ƙunshin gyaɗa a zaurenmu, ba sallama, ba aike. Kirsimeti kuwa sai ya riƙo kaza biyu a ƙafa ya leƙo ta katanga: "Habu, zo ka yanka, don kar ku ce ba ku ci." Da azumi ko ruwa ba ya sha a gabanmu.

Ranar da mahaifina ya rasu ba mu samu motar kai shi makwanci ba. Baba Iliya ya sauke buhunan mutane a bakin titi, ya wanke bayan motar da hannunsa, ya shimfiɗa tabarma. A maƙabarta ya tsaya can gefe da hularsa a hannu har aka gama.

Daga baya motar ta gaji, shi ma ya gaji. Shekara shida tana kan duwatsu a tsakar gidansa, kaji na ƙwai a kujerar direba. Mukan tsokane shi mu ce, "Baba, sayar wa 'yan gwangwan mana ka huta." Sai ya ce, "Ku sayar da kakanku tukun."

Sai matarsa, Mama Saratu, ta samu shanyewar ɓarin jiki.

Duk zuwa asibiti da coci sai an nemo mota, kuma sai maza biyu sun ɗaga ta sun cusa kamar buhu. Wata rana ana ɗaga ta zaninta ya kwance a gaban mutane. Hawaye kawai ta yi. Washegari Baba ya zo garejina da sassafe.

Ya ce, "Ɗana, ka tayar min da mota na. Amma ya yi tsawo wa Mama. Ka sauke shi yatsa huɗu, yatsa huɗu kawai. In ya sauka haka, Mama zai sa ƙafa da kansa, ni in riƙe hannu."

Ku karanta wannan sau biyu, ku masu "Baba Gayu". Dalilin da ya sa aka sauke motar ke nan.

Wata bakwai muka yi a kanta. Muka sauke inji muka wanke, mai walda ya cike ramukan bodi, aka sake kujera, aka fesa mata kore irin na ganyen mangwaro. Kullum Baba na zaune a benci yana kallo yana gyara mini aiki, ni da na yi shekara goma sha biyar ina kanikanci. Wallahi ina son aikin nan. Ban taɓa yin aikin da ya shiga raina kamarsa ba, kuma daga nan matsalar ta fara, don na fara ganin motar kamar tawa.

Da aka zo zaɓen wili na jera masa kala uku a ƙasa. Akwai nata na asali, na ƙarfe, masu ɗaukar taya mai kauri. Akwai wasu na ƙarfen, sababbi. Sai na uku, aloyi masu ƙyalli da na samo, ƙanana, masu siriryar taya irin ta motocin samari.

Baba ko kallon aloyin bai yi ba. Ya taka na asalin da ƙafa ya ce, "Wannan a goge a yi masa farin fenti. Wilin ƙarfe in ya lanƙwashe a daji, guduma zai gyara. Wannan naka mai walƙiya in ya fashe, sai ka zauna ka yi kuka."

Na san inda zan kama shi. Na ce, "Baba, ai don Mama na kawo. Tayar ta fi gajarta, hawa zai fi mata sauƙi."

Ya daɗe yana kallon wilin. Can ya ce, "To, in don Mama ne."

Da sunan matarsa na sayar masa da son raina, kuma a lokacin har daɗi na ji cewa na iya magana.

Sai sifirin. Na baya falle-falle ne, ƙarafa jere a kan juna. Baba ya ce in cire falle ɗaya a kowane gefe. Na cire uku-uku. Na gaba kuma, masu kama da naɗin igiya, na yanke musu zagaye biyu. Ya ce yatsa huɗu, ni na yi taƙi guda. Da na sauke ta daga jak ta kwanta ƙasa luf, na tsaya ina kallonta kamar ni na haife ta.

Baba yana da wata ƙa'ida da ya koya wurin maigidansa tun yana sabon direba. Akwai wani tsohon mudun awo na ƙarfe da ba ya rabuwa da shi, yana bayan kujera. Kafin ya yarda da mota sai an kife mudun a ƙasa, an tura shi da sanda ta ƙarƙashinta daga gaba har baya. In ya wuce bai taɓa komai ba, motar za ta iya hanyar Sorau da duwatsunta. In ya maƙale, ta gari ce kawai.

Ranar gwaji shi yana asibiti da Mama. Ya bar mini mudun ya ce, "Ka gwada da kaya fa, ba wofi ba. Buhu goma. Mota wofi ƙarya yake yi."

Na gwada wofi, mudu ya wuce da ƙyar. Na aro buhunan wake a shagon da ke kusa da ni na fara ɗorawa. Ina kai huɗu na ce bari in duba. Na tura mudun, ya kai tsakiya, na ji ƙwal. Ya maƙale a ƙarƙashin tankin mai.

Buhu huɗu, ba goma ba.

Na kwanta a ƙasa ina kallonsa. Na san abin da ya kamata: in mayar da falle biyu-biyu, in nemo sifirin gaba, in mayar da wilin ƙarfe. Aikin wuni ɗaya ne. Amma tun jiyan ranar na riga na sa hotonta a wannan shafin, mutane na ta zuba yabo, 'yan jami'a har sun fara kirana suna tambaya ko zan yi wa tasu haka.

Na tashi na sauke buhunan na mayar wa mai wake.

Da yamma Baba ya zo ya ce, "Ya wuce?" Na ce ya wuce. Ya ce, "Da kaya?" Na ce, "Buhu goma, Baba." Bai sunkuya ya duba ba, gwiwarsa ba ta barinsa, kuma ni ne Habu da ya yi wayo a gabansa. Ya karɓi mudunsa ya mayar bayan kujera.

Ranar Lahadi Mama Saratu ta sa ƙafa ta hau da kanta. Ina tsaye a ƙofar gidanmu ina gani. Ta zauna, ta gyara ɗankwali da hannunta mai lafiya, ta leƙo ta ce mini, "Useko, ɗana," wato na gode. Maganarta ba ta fita sosai, amma na ji.

A ranar ne na ɗauki hoton da kuka sani, wanda Baba ya jingina da motar da baƙin tabarau. Tabarau nawa ne. Ni na sa masa, yana ta cewa ba ya gani da shi. Hoton na nan, ku gangara ƙasa za ku same shi da duk yabon da kuka yi mini.

Fallayen da na cire kuwa wani maƙeri na ba, ya ƙera adduna da su.

Shekara ta zagayo. A cikin gari motar ba ta da matsala, daga gida sai asibiti sai coci. Sai ga daminar 2014, mutanen Michika suka fara kwararowa Mubi da kaya a ka, suna gudun 'yan bindiga. Baba ya zo ya zauna a bencinsa ya ce, "Habu, in abin nan ya zo, titi ba zai biyu ba, daji za a bi. Ko mu mayar da ƙarfe na?" Na ce, "Haba Baba, mudu fa ya wuce da buhu goma." Ya ce, "Haka ne, ka faɗa min."

Wannan ita ce dama ta biyu da Allah Ya ba ni. Kunyar in ce na yi ƙarya ta fi mini nauyi a kan komai.

Ranar da 'yan bindigar suka shigo gari ina Yola, na je sayen kayan gyara. Matata Hadiza da yaranmu uku suna gida. Ina ta kira layi ba ya shiga, har na zauna a bakin titi na rasa abin yi. Sai kiran Baba ya shigo, ana jin harbi ta bayansa. Ya ce, "Kar ka damu, iyalinka yana mota na." Layin ya yanke.

Abin da ya biyo baya daga bakin Hadiza na ji shi.

Babban titi ya toshe, kowa ya nufi hanyar Maiha. Baba ya sa Mama da Hadiza da ƙaramarmu a gaba. Baya kuwa duk wanda ya ɗaga hannu sai ya tsaya. Mata, tsofaffi, wata mai jego, har kan rufin direba akwai mutane. Hadiza ta ce tun daga wajen gari take jin ƙasan motar na gurzar ƙasa, Baba na cije baki yana lallaɓa ta.

Da suka saki titi suka shiga hanyar daji, suka iso wani mayo, wato rafi, da ruwansa bai gama janyewa ba. Motoci na ta tsallakawa ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba su kai tasa lafiyar inji ba. Baba ya shiga a hankali. A tsakiya cikin motar ya hau kan dutse. Tanki ya tsage, ƙarfen da ke juya tayoyin baya ya lanƙwashe. Hadiza ta ce suna kallo fetur na bin ruwa.

Motar ta toshe mashiga. Na baya suka yi ta hon, suna zagi. Maza suka taru suka ciccibe ta suka ture gefe, ba don su taimaka ba, don su samu hanya. Mutanen da ya ɗauko suka dire, kowa ya ja nasa. Wata tsohuwa da ya tsaya ya ɗauka da hannunsa ta ce masa, "Da ka san motar wasa ce me ya sa ka ɗauke mu?"

Ya tsaya a bakin ruwa yana ɗaga wa kowace mota hannu. Ba don kansa ba, cewa yake, "Mutum ɗaya, mata na ba ya tafiya, mutum ɗaya kawai." Duk a cike suke, wannan gaskiya ne. Amma wani direba da ya san shi shekara da shekaru ya leƙo ya kalli wilin ya ce, "Tsoho, gayun ya kai ku."

Da aka fara jin harbi daga nesa sai ya juyo ya ce wa matata, "Hadiza, ɗauki yara ki bi mutane. Kar ki juya." Ta ce ba za ta bar Mama ba. Ya daka mata tsawa, abin da bai taɓa yi ba. Ta kwance zanin goyonta ta ba shi. Mama ta tura wa yaran gorar ruwan da ke cinyarta.

Da zanin nan ya goya matarsa. Mutum mai shekara kusan saba'in, da ciwon gwiwa.

Kwana biyu suna daji. Ya yi tafiya ya sauke ta, ya huta ya sake ɗauka. Ba magani, ba abinci sai abin da ya tsinta a gonakin mutane. Rana ta biyu da la'asar ta cika a gindin wata tsamiya, saura kaɗan su kai Sorau. Wasu makiyaya ne suka taya shi haƙa kabari.

Hadiza da yarana sun iso Yola ƙafafu a kumbure, amma dukansu da rai. Babbar yanzu tana sakandare.

Bayan watanni muka dawo Mubi. An ƙone gidan Baba, namu ko taga ba a fasa ba. Ya je mayon ya tarar da motar a kan duwatsu, an kwance wilin huɗu an tafi da su. Mudun kawai ya samu a bayan kujera, ba wanda ya ga amfaninsa.

Sai gari ya samu abin taunawa. Kowa ya yi asara, kowa na neman wanda zai huce a kansa, ga tsoho da hotonsa da baƙin tabarau. Aka ce ya tsufa bai san ya tsufa ba. Aka ce yanga ta sa ya kashe matarsa. Yara suka riƙa binsa suna "Baba Gayu", kuma ba su suka ƙirƙiro sunan ba, a bakin iyayensu suka ji.

Wata safiya a wurin mai shayi, mutumin da na ambata ɗazu ya ce masa, "Baba Gayu, yaushe za a sauke mana wata? Ko sai ka sake aure?" Wuri ya fashe da dariya.

Ina wurin. Na yi dariyar ni ma. Na yi ne don kada ido ya dawo kaina, don kada wani ya tuna a garejin wa aka yi aikin. Baba ya ɗago ya kalle ni, ya ajiye kofinsa da sauran shayi a ciki ya tafi.

Duk wannan bai kai na Rahila ba.

Rahila ita kaɗai suka haifa. Nas ce, a Jos take aiki, tare muka taso, Yaya take ce mini. Ba ta nan lokacin da aka gyara motar, abin da ta sani kawai hoton da na sa. Da aka yi addu'ar Mama a cocinsu da ba rufi, na je na tsaya ta taga. Ana gamawa ta miƙe ta ɗaga wayarta a gaban jama'a, hoton na kai. Ta ce, "Baba, ka zaɓi wili ka bar uwata a daji. Ka riƙe motarka, ni ba ni da uba."

Daga baya na tambaye shi me ya sa bai faɗa mata don Mama aka yi ba. Ya ce, "In ce laifin Mama ne, ƙafa ya mutu? Ni na ce a sauke. Ni na cika mutane fiye da buhu goma."

Kun ji ko? Lissafinsa duk a kan buhu goman nan yake. Gani yake motar za ta iya goma, shi ne ya wuce ƙa'ida. Ni kuwa na san ko huɗu ba ta iyawa, ina tsaye kusa da shi ina gyaɗa kai.

Shekara uku Rahila ba ta ɗauki wayarsa ba. Duk kaka yana aika mata gyaɗa ta hannun direbobi, tana dawowa da ita yadda ta je. Da ya gaji da Mubi sai ya koma Sorau wurin dangi, ya ce ya fi kusa da tsamiyar.

Sati uku da suka wuce ya aiko Bulus ya ce yana son ganina. Na tafi a motata, doguwa mai taya mai kauri, don ni ban taɓa sauke tawa ba. Na tsallake mayon nan ko gurza ban ji ba.

Na same shi a inuwa a kan tabarma, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Mudun na gefensa, kaji na shan ruwa a ciki. Ya tambayi Hadiza, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ya sa aka dafa mini masara. Muka yi hirar damina, muka yi hirar tsadar taki.

Da na ce zan tafi sai ya riƙe hannuna. Ya ce, "Ɗana, abu ɗaya yana damu na, ba na barci da shi. Ranar nan, ka sa buhu goman kuwa?"

Ba kowa a wurin, daga ni sai shi sai kaji. Tsoho ne da ya kusa tafiya. Ba kotu zai kai ni ba, ba duka na zai yi ba.

Na ce, "Na sa, Baba."

Ya saki numfashi, fuskarsa ta washe. Ya ce, "Na gode wa Allah. Shekara uku zuciya na yana zarginka, ina ta roƙon Allah kar in mutu da zargin yaron kirki. Ka yafe min, Habu."

Na ce, "Na yafe, Baba."

Wallahi haka na ce. Ni na yafe masa. Ya sa Bulus ya zuba mini gyaɗa a bayan mota, ya tsaya da sandarsa yana ɗaga mini hannu har na sha kwana.

Gyaɗar na nan a zaure. Ban iya ci ba, ban iya bayarwa ba.

Ɗazu, kafin in fara wannan rubutun, na kira Rahila. Bulus ya riga ya sanar da ita, ta ce masa ba za ta zo ba. Da ta ɗauka ta ce, "Yaya Habu, in maganar jana'iza ce kada ka wahalar da kanka." Na ce ta ba ni minti biyar. Na faɗa mata komai: zanin da ya kwance, yatsa huɗu, wilin ƙarfen da ya zaɓa, tabarau, buhu huɗu.

Can ta ce, "Ka ga mudun ya maƙale?"

Na ce na gani.

Ta ce, "Gyaran kwana nawa zai ɗauke ka?"

Na ce wuni ɗaya.

Ta ce, "Uwata kwana biyu ta yi a daji. Ubana shekara uku yana kirana." Sai ta ce, "Malam Habu, ƙarfe nawa motar Mubi take tashi?" Na faɗa mata. Na ce zan jira ta a tasha in kai ta Sorau. Ta ce, "Kada in gan ka."

Gobe za a binne shi kusa da tsamiyar, haka ya bar wasiyya. 'Yarsa na hanya, za ta same shi a akwati. Da na buɗe baki sati uku da suka wuce, da a kan tabarma za ta same shi yana ba kaji ruwa.

Hadiza ba ta san komai ba. Tana ɗaki tun safe tana kukan mutumin da ya ceci 'ya'yanta. In na danna wannan zan shiga in faɗa mata da bakina kafin wata ta karanta mata.

Kada wanda ya rubuta mini "ƙaddara ce", ko "ka yi jarumta da ka faɗa". Na san ƙaddara, na kuma san abin da hannuna ya yi. Jarumta a gaban mai rai ake yin ta, ni sai da na tabbata ba zai ji ba. Wanda ya taɓa ce masa Baba Gayu kuwa, in ya ga yaro na faɗa ya gyara masa. Sunansa Iliya. Yatsa huɗu ya nema, don matarsa ta hau mota ba tare da an ɗaga ta ba.

Ya Allah, Kai Ka ga mudun nan ranar da ba wanda ya gani sai ni. Bawanka Iliya ya zo maka da nauyin da ba nasa ba, Ka sauke masa. Ka dubi gyaɗar da ya ajiye a zaurukan mutane, da bayan motar da ya wanke wa mahaifina, da kwana biyun da ya yi da matarsa a baya. Ka kawo Rahila lafiya, Ka ba ta ƙarfin tsayawa a bakin kabarin nan.

Ku da kuka karanta har nan, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci, kowa ya yi masa addu'a yadda ya iya, ku haɗa da Mama Saratu. Ku sa Rahila, ita ce a mota yanzu ita kaɗai.

Ni ban ce ku sa ni ba. Wanda ya kamata in roƙa gafara shi ya roƙe ni, kuma na ce masa na yafe.